Mawaƙi Shi Kaɗai a Gaban Taro



Shugaban wannan zama, iyayenmu da malamanmu da ke kujerun gaba, 'yan'uwana mawaƙa da makaɗa, da ku ƙannena maza da mata da kuka cika bayan zaure, barkanmu da yamma. An nemi in yi magana a kan yadda matashi zai fara sana'ar waƙa shi kaɗai, a riƙa gayyatarsa biki da suna da wasan sallah, ya yi waƙa a biya shi. Na karɓi gayyatar da hannu biyu, domin da wuya mako ya wuce wani yaro bai tare ni a hanya ba, ya miƙo mini waya ya sa mini waƙar da ya buga a situdiyo, sannan ya ce, "Malam, yaya zan yi a fara kirana wasa?" Amsar da ake bayarwa a tsaye bakin titi ba ta isar da saƙo. Yau ga wuri, ga lokaci.

Zan fara da kalmomin nan biyu, "shi kaɗai", domin duk nauyin maganar a kansu yake. A al'adarmu mawaƙi ba ya tafiya shi ɗaya. Wanda ya taɓa ganin hoton Alhaji Mamman Shata a fili ya san akwai masu kalangu a gefensa, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira. Haka Alhaji Musa Ɗanƙwairo da yaransa masu kotso, haka Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa da matan da ke kaɗa mata ƙwarya. Kuma kada ku ɗauka mutanen nan ado ne. Kowa da aikinsa. 'Yan amshi suna riƙe waƙa domin shugaba ya ja numfashi, ya kuma ɗinka ɗan waƙa na gaba a zuciyarsa. Makaɗa suna bin muryarsa, in ya ja su ja, in ya sassauta su sassauta. Sanƙira shi ne ido da kunne: ya san wanda ya shigo, ɗan wane ne, jikan wane ne, me ya bayar, kuma shi zai shelanta kyautar. A bayan su duka kuma, ga makaɗan fada, akwai ubangida mai ci da su da tufatar da su, mai ba da doki da gida da gona, kamar yadda Sarkin Gobir na Isa ya riƙe Narambaɗa.

Yaron yau zai shiga ɗakin taro da filashi a aljihu da makirufo a hannu. Bai rage ko ɗaya daga cikin ayyukan nan ba, mutanen kawai ya rage. Numfashin da 'yan amshi ke ba shugaba, shi zai samar wa kansa. Sanin mutanen da sanƙira ke yi, shi zai yi. Abincin gobe da ubangida ke lamuncewa, shi zai tsara. Wannan shi ne abin da na zo in faɗa muku yau, sauran duk bayani ne.

Abu ne mai yiwuwa, kuma muna da shaida. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukur a 1946, ya rasu a watan Yuni na 2015, ya yi rayuwarsa yana tsayawa gaban jama'a da kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya. Shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa, shi ne mai amshi. Da wannan ya zaga duniya. Amma ku lura da abin da ya riƙe taro da shi. Yana da muryar da ba ta buƙatar rufin asiri, yana da labari a cikin kowace waƙa, har yakan sauya murya ya zama miji ya zama mata a waƙoƙinsa na zaman aure, kuma ya kalli mutanen da manyan mawaƙa ba su kalla ba, irin su karen mota. Mutum ɗaya ne, amma ya cika fili.

To, mu zo kan murya, kuma a nan zan daɗe, domin a nan yawancinku ke faɗuwa. Situdiyo wuri ne mai rufa asiri. Ka yi baiti ɗaya ka huta, ka sha ruwa, ka sake. In muryarka ta kauce, kwamfuta ta daidaita ta. In numfashinka ya yanke a tsakiyar layi, a yanka a haɗa. Waƙar minti 5 za ta iya cin wuni guda, ta fito sumul kamar a numfashi ɗaya aka yi ta. Ba laifi ba ne, haka aikin yake a ko'ina. Laifin shi ne ka saurari abin da ya fito ka gaskata cewa kai ne. Fili ba ya yafe abin da situdiyo ke yafewa. A fili za ka yi minti 30 ko awa guda a tsaye, ga zafi, ga ƙura, ga turare ya cika ɗaki, ga mata suna guɗa, ga lasifika tana ƙara a bayanka har ba ka jin kanka.

Saboda tsoron wannan ne al'adar bin baki ta yi yawa: dije ya saki waƙar yadda take da muryar da komai, mawaƙi yana motsa leɓe yana rawa, yana jefa kalma ɗaya-ɗaya. Na san manya ma suna yi, na kuma san dalilansu. Amma ku masu farawa, ina roƙonku kada ku gina sana'arku a kan wannan. Idan waƙarka kawai za a saki, me ya sa uwar amarya za ta biya ka? Dije yana da ita a kyauta. Abin da ake biya shi ne abin da faifai ba zai iya ba: ka kira sunan wanda ya shigo yanzu, ka tsawaita baiti domin amarya ba ta gama takowa ba, ka sauya waƙa domin ka ga fuskokin mutane sun gaji.

Na taɓa halartar wani biki, shekarun baya, inda aka gayyaci wani yaro da waƙarsa ke tashe a wayoyin mutane. Ana tsakiyar rawa janareta ya mutu. Kiɗa ya ɗauke, muryar da ke cikin faifai ta ɗauke, yaron ya tsaya da makirufo a hannu, bai iya ci gaba da ko layi ɗaya ba. Wata dattijuwa daga dangin ango ta jawo ƙwarya ta kifa a cikin ruwa, ta fara kaɗawa tana waƙa, mata suka amsa mata, kafin a gyara injin fili ya koma nata. Na tausaya wa yaron nan ƙwarai, domin yana da baiwa, babu dai wanda ya taɓa gaya masa cewa irin wannan ranar tana zuwa. Ku ga shi an gaya muku.

Maganinsa ba ɓoyayye ba ne. Duk waƙar da ka buga, ka karɓi kwafi biyu daga situdiyo: cikakkiya, da kuma kiɗa zalla mai amshi kawai, babu muryarka. Da ta biyun za ka riƙa atisaye kullum, a tsaye, kana motsi, daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Ka sa wani ya ɗauke ka da waya, ka zauna ka saurara da kunnen maƙiyi. Ka nemi mai piyano ɗaya ku saba, ya san inda muryarka ke zama daram da inda take wahala, domin ya sauke maka kiɗa ko ya ɗaga. Sannan ka tanadi waƙa biyu ko uku da za ka iya yi ba kiɗa ko kaɗan, da tafi kawai. Numfashi kuma daga ciki ake jawo shi, ba daga maƙogwaro ba. Wanda ke waƙa jijiyoyin wuyansa na tashi, wahalar da muryarsa yake yi. Ka yi barci, ka sha ruwa da yawa, ka rufe hanci da baki a kan babur lokacin hunturu, ka daina ihu a gidan kallon ƙwallo ana gobe wasa. In murya ta dishe ta wuce mako biyu ba ta dawo ba, a je asibiti wajen likitan maƙogwaro, a bar jiƙe-jiƙe.

Tunda na ambaci jiƙe-jiƙe, bari in faɗi abin da ya fi ci mini rai. Za a sami wanda zai ce maka ka ɗan sha wani abu domin kunya ta fita, ko domin ka jure dare. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, kuma mu a Arewa mun ga ɓarnar da idonmu, a unguwanninmu. Tsoron taro yana tafiya da yawan tsayawa gaban taro. Wanda ya kore shi da kwalba, ranar da babu kwalba ba zai iya hawa dandamali ba, daga baya kuma ko da kwalbar ba zai iya ba.

Yanzu aikin sanƙira. Biki ba naka ba ne, na masu shi ne, kai hidima ka zo yi. Saboda haka kwana biyu ko uku kafin ranar, ka zauna da wanda ya san gidan ciki da waje, yawanci wata gwaggo ko babbar yaya. Ka rubuta sunayen iyaye da kakanni, da garin asali, da sana'ar gidan, da wanda ke da sarauta da sunan sarautar daidai. Ka tambayi wa ake fara ambata. Ka kuma tambayi abin da ba a faɗa, wanda ya fi wancan muhimmanci. Wata amaryar mahaifiyarta ta rasu, kishiyar uwa ce ta riƙe ta. Wata kuma uwar tana nan zaune a gefe, an rabu da uban shekara ashirin. In ka zuba kirari a kan ɗaya ka manta ɗayar, ka kunna wutar da za ta ci gidan bayan ka tafi, kuma sunanka za a riƙa kira duk lokacin da aka tuna. Kalma ɗaya ta habaici da ka jefa don a yi dariya tana iya faɗawa kan wani gyambo da ba ka san da shi ba. Shata ya yi suna wajen ƙirƙirar waƙa nan take, amma ba daga iska yake ɗauko ta ba. Ya san mutane, ya san garuruwa, ya san tarihin gidaje.

Kuma kowane zama da irin waƙarsa. Kamu da yinin biki na mata ne, iyaye da kakanni suna wurin, abin da zai motsa su daban. Dina ta abokan ango da ƙawayen amarya ce. Taron suna daban, bikin saukar karatu ko na yaye ɗalibai daban, wasan sallah da mutane suka sayi tikiti daban, domin a can babu wanda ya zo don kunyar wani, in ba ka gamsar ba za ka ji a bakinsu. Mai waƙa biyar da yake juyawa a ko'ina ba zai daɗe ana kiransa ba.

Ina ake koyon duk wannan? A da amsar a fili take. Ɗanƙwairo ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa, sannan a bayan wansa Abdu Kurna, kafin ya ja nasa ayarin. Wannan makarantar ce zamani ya rushe, kuma ba a gina wata a gurbinta ba. Sai ku gina wa kanku. Ka nemi mawaƙin da ya riga ka, wanda ka yarda da halinsa ba sunansa kawai ba, ka bi shi. Ka riƙe masa jaka, ka yi masa amshi, ka kalli yadda yake shiga fili, yadda yake gaida manya, yadda yake yi in makirufo ya yi gardama, yadda yake fita. Wata rana zai ce ka buɗe masa fili da waƙa ɗaya kafin ya fito. Minti biyar ɗin nan sun fi maka mabiya dubu a TikTok, domin mutanen da ke zaune a wurin su ne masu aurar da 'ya'ya. Bikin dangi da na abokai kuma ka yi su, ko ba ko sisi, ka sa a ɗauki bidiyo mai kyau wanda ake jin muryarka ta gaskiya. Amma ka sa wa kyautar iyaka. Unguwar da ta saba samunka a banza ba za ta fara biyanka don kanta ba, kai za ka buɗe baki ka faɗa, cikin ladabi.

Ga mu a kan kuɗi. Yawancin masu farawa kunya ke hana su ciniki, sai su ce, "A ba da abin da ya sauƙaƙa," suna dogaro da liƙi. Liƙi ba albashi ba ne. Wata rana zai zubo, wata rana ka tashi da kuɗin mota da ƙyar. Kun ga abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da tsabar kuɗi ta ɓace a hannun mutane: masu rayuwa a kan liƙi sun ji jiki. Kuma ku sani sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. An daɗe ba a kula dokar ba, amma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da sanannun mutane a kanta, har an ɗaure. Saboda haka a tanadi faranti ko kwando, ko a rubuta lambar asusu a inda za a gani, kuma a daidaita tun farko: abin da aka bayar a fili na wa ne? Naka ne, ko na amarya, ko za a raba da dije da mai gabatarwa? Rigimar bayan biki mafi yawa daga nan take tashi.

Ka yanka kuɗinka kafin ranar, ka karɓi kafin alƙalami, rabi in zai yiwu, sauran kuma kafin ka hau, ba bayan an watse ba, lokacin da ango ya tafi, wayar wakilinsa kuma a kashe. Ku rubuta, ko da a saƙon WhatsApp ne: rana, wuri, ƙarfe nawa za ka fara, minti nawa za ka yi, wa zai kawo kayan sauti, wa zai biya mota da masauki in wani gari ne, me zai faru da kafin alƙalami in an ɗaga biki. Masu zuwa wasa Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, ko zangon Kumasi, su fayyace da wane kuɗi za a biya, naira ko sefa ko sidi, domin canji kaɗai yana iya cinye ribar tafiya. Sannan ka yi lissafi na gaskiya. A ce an ba ka naira 100,000. Cire na mai piyano, cire na yaron da ya raka ka, cire mota, cire ɗinki da wanki da guga, cire abin da ka kashe a situdiyo in sabuwar waƙa ka yi wa amarya da ango. Abin da ya rage shi ne kuɗinka, kuma daga cikinsa za ka ajiye na watannin da babu kira. Kun san su: azumi gaba ɗaya, da tsakiyar damina. Bayan sallah da ƙarshen shekara ne kasuwa ke ci. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe taruka, mawaƙin da ba shi da wata sana'a ya zauna watanni ba shiga sai fita. Shi kansa Shata da tallan goro da alewa ya fara. Kada ka saki ɗinkinka ko shagonka ko karatunka sai waƙa ta yi shekara biyu tana ɗaukar nauyinka.

Hukuma kuma a san da ita. A Kano, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa mawaƙa rajista, tana kuma duba waƙoƙi. A wasu jihohin akwai nasu ƙa'idojin taro da na lokacin tashi, ga kuma Hisba. Ka tambaya kafin ka je, kada a tsayar da bikin mutane saboda kai. Akwai kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Tana kare waƙarka, tana kuma kare ta wani daga gare ka. Ka ajiye shaidar ranar da ka rubuta waƙa da ranar da ka buga ta, ku kuma yi magana da mai situdiyo a fili a kan wanda ya mallaki kiɗan. In za ka rera waƙar wani a taro, ka nemi izini, ka ambaci mai ita.

Waƙar siyasa ita ce ta fi saurin kawo kuɗi, ba zan ɓoye muku ba. Amma ga mai farawa tana da tsada. Ranar da ka zagi wani ɗan takara, ka rufe wa kanka ƙofar duk gidan da ke tare da shi, kuma su ma suna aurar da 'ya'ya. Zaɓe shekara huɗu-huɗu ne, biki kuwa duk mako. Wanda ya zaɓi ya yi, ya yabi nasa, ya bar mutuncin iyayen wasu.

Ƙannena mata, hanyarku ta fi tamu ƙaya, na sani. Za a yi muku maganar da ba a yi wa namiji. Amma kuna da filin da namiji ba ya shiga yadda kuke shiga, wato zaman mata na cikin gida, inda Barmani ta yi sarautarta har ta rasu a 2013. Ku tafi wasa da wani naku, yaya ko ƙani ko inna. Ku sa lokacin tashi a cikin yarjejeniya. Duk wanda ya ce a zo a karɓi cikon kuɗi a masaukinsa, a bar masa kuɗin. Kuma da ku da mazan, ku nemi yardar iyaye tun farko, ku nuna musu irin waƙar da kuke yi da irin wuraren da kuke zuwa. Tsoronsu ba na banza ba ne, sun ga abin da suka gani. Halinku ne kawai zai kwantar musu da hankali.

Zan rufe da roƙo ga 'yan'uwana da suka riga suka yi suna, ga wasunku nan ina gani a zaure. Yaran nan ba su da inda za su koyi abin da a da 'yan amshi ke koya a bayan iyayen gidansu. Kowannenku ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu a bana, ya riƙa tafiya da su wasa, ya ba su minti biyar kafin ya fito, ya biya su haƙƙinsu a daren, ya kuma gaya musu gaskiya in sun yi kuskure. Ku kuma ƙannena, kafin Juma'a mai zuwa kowa ya koma situdiyon da ya yi waƙarsa, ya karɓo kiɗanta zalla, ya tara mutum goma a tsakar gida, ya rera musu ita da bakinsa daga farko har ƙarshe.